Kwantaccen Cikin Zuliha

A gidan Malam Maharazu ba a san ƙiba ba. Shi kansa har ya koma ga Mahaliccinsa dogo ne siriri, wanda in ka hango shi a gonar albasa sai ka ɗauka sanda aka kafa aka rataya mata riga. 'Ya'yansa kaf suka biyo shi. Mutanen ƙauyen, wanda ke gefen babban kanal tsakanin Kura da Bunkure, sukan tsokane su da cewa yadi biyu ya ishi ɗan gidan Maharazu riga da wando har a yi wa ƙaninsa hula. Zuliha ce ta huɗu a gidan, ita ce kuma ta fi kowa rashin jiki. Ba ciwo ba ne. Tana cin tuwo kamar kowa, ba a dai ganin inda yake zuwa.

Tana da shekara ashirin ta auri Hambali, wani manomin rani mai ɗan fili a layi na uku daga kanal. Da damina shinkafa, da sanyi tumatir, haka shekararsa take juyawa. Mutum ne da magana ke yi wa tsada. In ya ce "to" sau biyu a yini an yi hira. Zuliha kuwa sana'arta turara shinkafa. 'Yan kasuwa su kawo mata buhunan shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ta jiƙa ta kwana, da safe ta zuba a rabin duro, ta hura wutar ɓuntu, ta rufe da tsohon buhu. Yawancin mata sai sun buɗe sun duba ko ƙwayar ta tsage. Ita da hanci take ganewa. Tana tsakar gida tana shara za ta tsaya cak, ta shaƙi iska, ta je ta janye wuta. Masu injin casa a Kura sun san shinkafarta, don ba ta karyewa.

Abu ɗaya ne ya rage mata, shi ne haihuwa. Shekara bakwai ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ba wanda ya tsangwame ta a gidan, Hambali ma bai taɓa ɗaga maganar ba, amma abin yana cin ta. Duk sunan da aka yi a ƙauyen tana can da sassafe tana taya girki, tana dariya, ta dawo gida ta yini a ɗaki.

A shekarar 2002 ciwon ya same ta. Barci ne ya fara ƙaurace mata. Daga nan ta ce wa Hambali akwai mata a cikin tururin duro, suna kiran sunanta, suna lissafa laifuffukanta tun na ƙuruciya. Sai matan suka gaya mata an zuba wani abu a ruwa, ta daina sha sai wanda ta ɗebo da hannunta. Ranar da ta bar buhu biyu na shinkafar mutane suka ƙone ƙurmus tana zaune tana ba tururi amsa, ranar kowa ya yarda ba lafiya. Aka yi abin da aka saba: ruƙiyya, hayaƙi, rubutun sha. Wata huɗu ana yi, matan duro ba su fasa ba.

Wani abokin noman Hambali ne ya ja shi gefe a bakin kanal, ya ce 'yarsa Ummulkhairi ta yi irin wannan shekara biyu da suka wuce, kuma asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa a birni ne ya yi mata. Aka kai Zuliha, ta yi mako uku a kwance. Likita ya faɗi sunan ciwon, sikizofireniya, Hambali ya maimaita sau biyu a zuciyarsa ya haƙura. Abin da ya riƙe shi ne ciwo ne da ake lallaɓawa, ba a cire shi kamar haƙori, kuma magani kullum ne. Ƙwayar farko ta kori muryoyin amma ta sandarar da ita, hannunta yana rawa har ba ta iya riƙe ludayi. A 2004 aka canza mata wata sabuwa, 'yar ƙarama fara, irin wadda Ummulkhairi ke sha.

Wannan ta karɓe ta. Hannu ya daina rawa, barci ya dawo har ya yi yawa, ta koma kan duronta, 'yan kasuwar da suka gudu suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya suna yi kamar ba su taɓa tafiya ba. Sai dai ƙwayar ta zo mata da yunwar da ba ta taɓa sani ba. Ta ci ɗumame da safe, kafin hantsi ta aika a sayo ɗanwake, da azahar ta ci shinkafa da wake, ta kankare tukunya, ta tashi kamar ba ta ci ba. Ita kanta abin yana ba ta kunya, har takan ɓoye a ɗaki ta ƙara. Cikin wata biyar kumatu suka fito, wuya ya yi guru, rigunanta suka koma wajen tela aka ƙara musu baki.

Kowa ya yi murna. A ƙauyenmu wanda ya tashi daga jinya ya yi ƙiba ya warke ke nan, ba a neman wata shaida. Mata suka riƙa cewa Hambali ya iya kiwo. Wasu suka ce ashe gidan Maharazu ma suna da jiki, tuwon gidan ne bai kai ba. Zuliha tana jin daɗin tsokanar, don rabon da a tsokane ta tun kafin ciwon. Mutane sun daɗe suna yi mata magana a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Sai al'adarta ta ɗauke. Wata ɗaya, wata biyu, wata uku. Ba ta gaya wa kowa ba, tana tsoron in ta furta abin ya watse. A wata na huɗu ta tashi da safe ta ga gaban rigarta ya jiƙe da ruwan nono. Nan ta aika a kira Goggo Asta.

Goggo Asta ƙanwar mahaifin Hambali ce, ita ce kuma ungozomar ƙauyen. Rabin waɗanda ke ban ruwa a layi na uku ita ta yanke musu cibiya, shi ya sa ba mai yi mata musu, ko a kan abin da bai shafi haihuwa ba. Ta kwantar da Zuliha a tabarma, ta danna nan ta danna can, ta kasa kunne, ta tambayi lissafin watanni, ta duba rigar. Sannan ta wanke hannu ta ce:

"Ke dai ki gode wa Allah. Ki daina ɗaga buhu."

Zuliha ta rufe fuska da mayafi. Hambali da aka gaya masa da yamma ya ce "to", ya fita, ya dawo da tsire a takarda, abin da bai taɓa yi ba.

Mai karatu zai ce ai da an je asibiti an gane. Gaskiya ne, amma Zuliha ba ta zuwa. Tun da ta samu sauƙi Hambali ne ke ɗaukar katinta duk bayan wata biyu, ya hau mota a Kura, ya bi layi, a tambaye shi jikinta ya ce da sauƙi, a ba shi magani ya juyo. Motar tana sa ta jiri, ga aiki, ga shi ba abin da ke damunta. Batun ciki kuwa, cikin fari ne, kuma cikin fari ba a tallarsa. Ko mahaifiyarta ba za ta furta shi a gabanta ba, balle Hambali ya buɗe baki a gaban baƙon namiji a ofis ya ce matarsa na da juna biyu. Da ya gwammace a tura shi cire ciyawar kanal da hannu.

Wata tara ya cika. Goggo Asta ta sa aka tanadi itacen wankan jego. Wata goma ya wuce, sha ɗaya, shekara. Cikin yana nan, yana ma ƙaruwa, amma ba naƙuda ba alamarta. Hambali ya ɗauke ta a babur zuwa wani kemis a Kura, aka gwada fitsari, mai kemis ya ce bai ga komai ba. Yaro ne mai ɗan karatu, ya tambayi irin maganin da take sha, aka nuna masa, ya ce ya taɓa jin cewa irin waɗannan ƙwayoyin suna sa ƙiba, har suna riƙe al'adar mace. Ya ce a koma a tambayi likita.

Da maganar ta kai kunnen Goggo Asta ba ta yi faɗa ba. Aika ta yi aka kira Ummulkhairi, aka ce ta zo da maganinta. Yarinyar ta zo, siririya kamar yadda aka san ta tun tana talla. Goggo ta tsayar da su biyun kafaɗa da kafaɗa a tsakar gida, ta ɗora kwalayen maganin biyu a tafin hannunta, ta miƙa wa Hambali. Kwali iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, ƙwaya iri ɗaya. Ummulkhairi ma ta riga Zuliha fara sha da shekara guda, kuma al'adarta ba ta taɓa saɓa wata ba.

"In magani ne, ina ƙibar wannan?" in ji Goggo. "Ko ƙwayar tana zaɓen wanda za ta kumbura?"

In ana son gaskiya, hujja ce mai kyau. Da ni ma ina tsakar gidan da na gyaɗa kai. Goggo ta yanke hukunci cewa cikin kwanciya ya yi. Abu ne sananne a wajenmu: ɗa ya kan yi barci a cikin uwarsa saboda ciwo ko firgita ko wani abu da Allah kaɗai ya sani, ya yi shekara biyu, uku, har fiye, sai ranar da aka ƙaddara ya motsa. Goggo ta kawo sunayen mata uku da ta karɓi haihuwarsu bayan irin wannan. Ta ce ɗan da ke barci ba ya fitowa a fitsari, ina yaron kemis zai gan shi.

Haka Zuliha ta shiga shekara ta biyu da cikin, ta shiga ta uku. Matan da suka yi goyon ciki tare da ita suka haihu, suka yaye, wasu suka sake ɗauka. Ita tana nan tana jira, kuma jiran bai yi mata ɗaci ba. Zan faɗa kai tsaye: waɗannan su ne shekarun da ta fi farin ciki a rayuwarta. In aka yi suna takan je ta zauna cikin mata a matsayin mai nata, a matsa mata wuri, a miƙo mata matashi. Ta ɗinka 'yan riguna huɗu da hannu, ta ninke su a ƙasan kwalla. In tana gaban duro ita kaɗai takan dafa cikin ta ba shi labarin abin da ake ciki, cewa ruwa ya yi ƙasa a kanal, cewa babansa ya yi dashe, cewa kada ya damu, ya huta sosai. Ta tabbata namiji ne, ba ta san dalili ba.

Jikin kuwa yana ta nauyi. Gwiwoyinta suka fara ciwo, in ta tsuguna shanya sai ta dafa bango ta miƙe. Daga gida zuwa bakin titi sai ta huta sau biyu. Ƙishirwa ta dame ta. Duk wannan an sa shi a lissafin ciki, kuma mai ciki ba a hana ta ci, don haka duk wanda ya yi girki mai daɗi a unguwar sai ya aiko mata da kwano.

A ƙarshen daminar 2007 Goggo Asta ta zo dubiyar da ta saba yi duk wata, ta tarar da Zuliha tana barci da hantsi, wuta ta mutu a ƙarƙashin duro. Ta tashe ta. Zuliha ta ba da haƙuri, ta ce maganin ne, in ta sha shi da magariba nauyinsa ba ya sakinta sai rana ta ɗaga. Goggo ta dube ta, ta ce ai abin da uwa ta ci shi ɗa ke ci. In ƙwaya tana kwantar da babbar mace har hantsi, me za ta yi wa wanda bai kai tafin hannu ba? Ba ta ce a daina sha ba. Ta faɗi haka ne kawai, ta ɗauki sandarta ta tafi.

Zuliha ta kwana uku tana juya maganar. Ta san abin da ke jiranta in ta bar maganin, ba ta manta matan duro ba, tana tsoronsu fiye da mutuwa. Amma ta ga kamar ita ce da hannunta take ɗura wa ɗanta barci kowace magariba. Ta fara raba ƙwayar biyu da wuƙa. Bayan mako biyu ta koma sha yau, gobe ta tsallake. Daga nan ta daina gaba ɗaya. Hambali yakan miƙa mata ƙwayar da kofin ruwa in ya dawo daga masallaci. Ta karɓa, ta kai baki, ta sha ruwan, in ya juya ta jefa ta a wani gwangwanin madara da ke bayan randa.

Da farko abin kamar ya yi. Barci ya ragu, jikinta ya yi sauƙi, har wata rana ta ji wani abu ya juya a ƙasan cibiyarta, ta aika wa Goggo da albishir. A mako na shida muryoyin suka dawo. Wannan karon ba zagi suka zo da shi ba. Kukan jariri take ji a cikin duro, siriri, kamar daga nesa, matan kuma suna ce mata kada ta hura wuta, zai ƙone. Ta daina karɓar shinkafa. Hambali ya dawo daga gona da azahar ya same ta durƙushe, kunnenta manne da duro mai sanyi, tana rarrashi. Ya shiga ɗaki ya yi ta dube-dube har ya kai bayan randa, ya zazzage gwangwanin a hannunsa. Washegari ya ɗauki shatar mota zuwa birni.

Suna zaune a bencin jira, ita tana rufe da hijabi tana motsa baki, sai wani ƙaton mutum da ke benci na gaba ya juyo ya dube ta, ya sake dubawa, ya ce:

"Zulai? Ke ce?"

Mutum ɗaya ne a duniya ke kiranta Zulai, yayanta Sammani, wanda take bi. Sammani ɗan dako ne, yana loda kwandunan tumatir a Kadawa, daga baya ya riƙa bin manyan motoci zuwa Legas, ya zauna can. Rabonta da shi shekara uku. Abin da ta sani shi ne yana Legas yana nema. Abin da ba a gaya mata ba shi ne ciwon da ya same ta ya same shi a can, an dawo da shi, yana zaune wajen kawunsu a birni yana karɓar magani a wannan asibitin. Dangi sun haɗa baki sun ɓoye mata, don ba a kai wa mai ciki mummunan labari.

Muryar ta Sammani ce, idanun ma nasa ne. Sauran duk na wani ne. Sammanin da ta sani in ya ɗora kwando a ka sai ka ji tsoron kada ya karye. Wannan kuwa ya cika rabin benci, wuyansa ya yi guru, kumatunsa sun sauko, ga tumbi ya turo riga har maɓalli ɗaya ya ɓalle. Suka gaisa, ya tambayi mutanen gida, ya yi mata ya jiki. Yana dariya ya ce kada ta tsorata, kowa ma ba ya gane shi. Tun da aka sa shi a kan wata 'yar ƙwaya yake cin abinci kamar an buɗe rami, dako ma ya gagare shi, yanzu gadin shago yake yi. Ya laluba aljihu ya fito da kwalin ya nuna musu.

Hambali ya dubi kwalin, ya dubi ƙasa. Zuliha ba ta dubi kwalin ba. Wuyan yayanta take kallo, da yadda naman ya rufe masa wuyan hannu, da yadda ya dafa gwiwa ya yi nishi kafin ya miƙe da aka kira sunansa. Haka ita ma take miƙewa. Duk da hayaniyar da ke kanta, wannan ya shiga.

Likitar da ta gan su mace ce, ba ta fi Zuliha shekaru ba. Ta karanta katin, ta ɗaga kai ta dubi mai katin, ta sake duba nauyin da aka rubuta shekara uku da suka wuce, ta sa ta hau sikeli. An kusa ninkawa. Ta tambayi dalilin barin magani. Hambali ya yi ta kame-kame, kunya ta hana shi, har Zuliha da kanta ta ce don kada yaron ya ci gaba da barci. Likitar ta ajiye biro. Ta sa aka ɗebi jini da fitsari, aka kai ta ɗakin hoton ciki, aka shafa mata wani abu mai sanyi aka yi ta zagayawa da na'ura. Sai bayan la'asar aka sake kiransu.

Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce babu ciki. Kitse ne, kuma maganin ne ya kawo shi; shi ne ya riƙe al'adar, shi ne ya kawo ruwan nonon. Ta ce sugan jininta ma ya fara hawa, dole a kula.

Zuliha ta kawo hujjar Goggo, don ita kaɗai ta rage mata. Ta ce akwai wata a ƙauyensu, magani ɗaya suke sha, ta ma riga ta farawa, ko tsoka ɗaya ba ta ƙara ba.

Likitar ta tambayi Hambali me yake nomawa, ya ce tumatir. Ta ce to ya san in aka zuba taki ɗaya a fangali biyu masu iri daban, wani ya yi ganye wani ya yi 'ya'ya. Jikin mutane ma haka yake. Akwai abin da ake gada daga iyaye, wanda ke gaya wa mutum ya ƙoshi, yake kuma tsara yadda jiki ke ajiye abin da aka ci. A jikin wasu maganin ba ya taɓa wannan wurin, su sha shekara goma suna nan yadda suke. A jikin wasu kuwa yana danne shi, su ci su ci ba su ji ƙoshi ba. Ta ce masu bincike suna ta neman ainihin ƙwayoyin gadon da ke sa haka, sun gano wasu, ba su gama ba, kuma ba ta da wani gwaji da za ta yi wa mutum kafin ta ba shi ta san ɓangaren da zai faɗa. Abin da take da shi kawai shi ne dangi: in ɗan'uwa ya yi, akwai yiwuwar ɗan'uwa zai yi. Da aka gaya mata Sammani yayan Zuliha ne, ta ce ta gan shi da safe, da ta san jininsu ɗaya da tuni ta aika a kawo ta. Ramar gidansu ba ta hana ba. Abin yana nan a jininsu tun fil azal, bai dai taɓa haɗuwa da wannan ƙwayar ba. Ta ƙara da cewa ba haɗama ba ce, kada ta zargi kanta.

Zuliha ta saurara har ƙarshe, hannunta a kan cikin. Tambaya ɗaya ta yi.

"Likita, ko da farko ma? Ko na wata ɗaya bai zauna ba?"

"Bai taɓa zama ba, Zuliha. Ki yi haƙuri."

Ba ta yi kuka ba. Aka kwantar da ita kwana goma sha biyu, aka sa ta a kan wani maganin daban, muryoyin suka yi nisa suka ɓace. A shekarun da suka biyo baya jikin ya ragu kaɗan, bai koma yadda yake ba, kuma ba a sake kiranta 'yar gidan sirara ba. Al'adar ta dawo bayan wata biyar. Ta koma kan duronta, ta rage shinkafa a kwanonta duk da ita ce sana'arta, ta riƙa zuwa asibiti da ƙafarta ana auna ta. Har ƙarshen 2009, iyakar abin da na sani, haihuwa ba ta zo ba. Goggo Asta kuwa ba ta taɓa yarda ba. Ta ce na'ura ce ta firgita yaron ya narke.

Wannan duk daga baya ne. Abin da mutanen ƙauyen suka fi tunawa shi ne washegarin ranar da aka sallamo ta. Ranar ce ruwa ke zuwa layi na uku. A noman rani ruwa sau ɗaya yake zuwa maka a mako, in ka saɓa sai wani makon, kuma tumatirin Hambali sabon dashe ne, bai kama ƙasa ba. Mutum yakan bar ɗaurin aure saboda ranar ruwa, ba mai ganin laifinsa. Da gari ya waye manoma suka fito da tiyon ban ruwa a kafaɗa, suka tarar da Hambali ya share ƙofar gidansa, ya shimfiɗa tabarmi biyu, ya ajiye buta, ya zauna da carbi. Wani ya ce masa ruwa ya iso, ya ce ya sani. Suka tsaya cirko-cirko, don kowa ya san abin da irin wannan shimfiɗar ke nufi, kuma ba a ji an yi sanarwa a masallaci ba.

Dattijo Sada, mai unguwar layin, shi ya matso ya tambaya ko lafiya.

"Rashi muka yi, Baba," in ji Hambali.

"Inna lillahi. Wa ya rasu?"

"Yaron da muke jira."

Labarin asibiti ya riga su isowa ƙauyen, don haka duk wanda ke tsaye a wurin ya san babu wani yaro. Ko ɓari mace ta yi ba a zaman makoki, balle wannan. Wasu matasa suka dubi juna. Dattijo Sada ya daɗe a tsaye yana kallon tabarmar. Sannan ya jingine tiyonsa a bango, ya cire takalmi, ya zauna, ya ɗaga hannu ya ce Allah ya ba su haƙuri, ya mayar musu da alheri. Hambali ya ce amin. Mutum biyu suka zauna, sai na uku.

Zuliha tana ɗaki, katanga ɗaya ce tsakaninta da su. Tun a ofishin likita idonta a bushe yake, don ba ta san ko tana da izinin yin kuka a kan abin da aka ce bai taɓa kasancewa ba. Da ta ji muryoyin maza a ƙofar gida suna amsa amin ɗaya bayan ɗaya, sai ta kifa kai a gwiwa ta yi kukan da har waje ana ji. Ba wanda ya aika a ce ta yi shiru. Ruwan ranar ya wuce zuwa gonar maƙwabci, tumatirin Hambali ya jira wani makon.